Tafiyar babura zuwa tsibiran yammacin Sikotlan: daga ina ake fara shiri?

Wani ɗan'uwa mazaunin Glasgow ya aiko da tambaya cewa shi da abokansa huɗu suna so su ɗauki hutun mako guda su zaga tsibiran Outer Hebrides a kan baburansu, suna ƙetarawa daga wannan tsibiri zuwa wancan a jirgin fito. Ya ce dukkansu sun iya tuƙi amma babu wanda ya taɓa shigar da babur cikin jirgin ruwa, kuma yana so ya san hanyar da ta fi dacewa su bi, da lokacin da ya kamata su tafi, da abin da za su tanada.

Malam, abu na farko da zan gaya maka shi ne, a wannan tafiya ba babur ne ke da iko da lokacinku ba, jirgin fito ne. Na faɗi haka tun daga farko domin na lura mahaya babur sukan fara shiri daga taswira, su auna nisan hanya, su raba shi da kwanakin da suke da su, sa'an nan daga baya su tuna da jirgi. A tsibiran nan lissafin yana juyawa ne. Hanyar da ta tashi daga Vatersay a can ƙarshen kudu zuwa Butt of Lewis a ƙarshen arewa mil 185 ce, wato kusan kilomita 300, tafiyar da mai babur zai iya cinyewa a wuni ɗaya da a ce babu teku a tsakani. Amma hanyar ta ratsa tsibirai 10, kuma ko da yake an haɗa yawancinsu da tituna na ciko, waɗanda aka zuba duwatsu cikin teku aka shimfiɗa kwalta a kansu, akwai wurare biyu da babu makawa sai an shiga jirgi, ban da babban jirgin da zai kai ku da wanda zai dawo da ku. Saboda haka fito huɗu ne ƙashin bayan tafiyar, kuma su za ku fara sayen tikitinsu kafin ku nemi masauki, kafin ma ku tsayar da ranar da kowa zai ɗauki hutu a wurin aikinsa.

Kamfanin Caledonian MacBrayne, wanda kowa ke kira CalMac, shi ke tafiyar da waɗannan jirage. Shawarata ita ce ku fara daga kudu ku nausa arewa. Dalili kuwa iskar da ta fi kaɗawa a yankin daga kudu maso yamma take tasowa, daga tekun Atlantika, don haka wanda ya nufi arewa yawanci iska tana bayansa ko tana gefensa ta baya, ba ta dukan ƙirjinsa wuni zubur. Za ku tashi daga Glasgow ku bi gefen tafkin Loch Lomond zuwa garin Oban, tafiyar da ba ta kai mil 100 ba, daga nan ku shiga jirgin da ke zuwa Castlebay a tsibirin Barra, wanda yakan ɗauki kusan awa biyar a kan ruwa. Fito na biyu daga Ardmhor ne a arewacin Barra zuwa tsibirin Eriskay, kimanin minti 40. Na uku daga tsibirin Berneray zuwa Leverburgh a Harris, kimanin awa ɗaya. Na ƙarshe kuma daga Stornoway, babban garin tsibiran, zuwa Ullapool, fiye da awa biyu da rabi kaɗan, inda za ku sake taka babbar ƙasa ku gangaro ta Inverness zuwa gida.

A cikin huɗun nan, na ukun shi ne wanda nake so ku ba shi kulawa ta musamman. Mashigin ruwan da ke tsakanin Berneray da Harris ba shi da zurfi, kuma cike yake da duwatsu da ƙananan tsibirai, har za ka ga jirgin yana ta karkata dama da hagu tsakanin alamomin da aka kafa cikin ruwa kamar mai bin lungunan tsohon gari. Idan teku ta janye sosai a wasu ranakun wata, jirgin ba ya iya wucewa, sai a sauya lokacin tashinsa ko a soke wani zuwan gaba ɗaya. Ana sanar da irin waɗannan ranaku tun da wuri a jadawalin kamfanin, amma wanda bai san ya duba ba sai ya tarar da su a bakin ruwa. Ga shi kuma jirgin ƙarami ne, a lokacin zafi kuwa motocin masu yawon buɗe ido sukan cika shi. Babur ɗaya zai iya samun gurbin da za a cusa shi ko da bai yi tanadi ba, amma babura biyar suna cin wurin mota ɗaya ko biyu, kuma ba na ba ku shawarar ku dogara da sa'a. Ku sayi tikitin kowane babur da lambarsa, ku kuma tabbatar dukkan biyar ɗin jirgi ɗaya suka samu.

Haka nan akwai lokacin da ake rufe karɓar abin hawa kafin jirgi ya tashi. A manyan jirage kamar na Oban da na Stornoway, minti 45 ne kafin tashi, a ƙananan kuma ya fi haka gajarta. Wanda ya makara ana iya ba wa wani gurbinsa ko da tikitinsa yana hannu. A ayarin mutum biyar kuwa, kullum akwai wanda sai an kusa tashi zai tuna bai sha mai ba, ko safar hannunsa ta ɓace. Ku ɗauki lokacin rufe karɓa a matsayin lokacin tashin jirgi, sa'an nan ku ƙara rabin awa a kai.

Game da shigar da babur cikin jirgi, abin ba shi da wuya, sai dai yana bukatar natsuwa. Gangaren da ake hawa da daɓen jirgin duka ƙarfe ne, kuma sau da yawa a jiƙe suke da ruwan teku, wani lokaci har da ɗigon man manyan motoci. Ku shiga da giya ta ɗaya, a hankali, babur a miƙe, kada wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi ko ya murɗa totur a kan ƙarfen nan, kuma kowa ya bar tazara tsakaninsa da na gabansa domin kada a tilasta masa tsayawa a tsakiyar gangare. Idan ma'aikatan jirgi sun nuna muku inda za ku tsaya, ku kashe babur ku bar shi a cikin giya, ku jingine shi a kan ƙafarsa ta gefe, ba ta tsakiya ba, saboda babur mai jingine a gefe yana tsaye ne a kan wurare uku masu faɗi, tayoyi biyu da ƙafa, kuma ya fi jure tangaɗin jirgi. A manyan jirage ana ɗaure babur da ɗamara mai ƙarfi da ake ratsawa ta kan sirdi a ɗaure ta da ƙasa. Ni nakan ninka tsohon tawul in ɗora a kan sirdi kafin a ja ɗamarar, domin takan bar shaida a jikin fata. Wanda babur ɗinsa ke da ƙararrawar ɓarayi ya kashe ta, in ba haka ba za ta yi ta kuka tun daga Oban har Barra. Sa'an nan ku ɗebi duk abin da kuke bukata kafin ku hau sama, da magani, da waya, da rigar sanyi, da abin salla, domin da zarar babban jirgi ya tashi ba a barin fasinja ya koma wurin ababen hawa. Wanda bai saba da teku ba ya sha maganin jiri tun kafin a tashi, gama bayan jirgin Barra ya fita daga mashigin da ke tsakanin tsibirin Mull da babbar ƙasa, yakan shiga buɗaɗɗen ruwa inda igiya ke da ƙarfi.

Lokacin da na fi so shi ne daga tsakiyar watan Mayu zuwa ƙarshen Yuni. Rana tana da tsawo ƙwarai, a watan Yuni haske yakan kai kusan awa 18, ciyayin gaɓar yamma sun fara fure, makarantu ba su yi hutu ba balle jirage da masaukai su cushe, kuma ƙananan ƙwarin nan masu cizo da suka addabi yammacin Sikotlan ba su kai ganiyarsu ba sai wajen Yuli da Agusta. Farkon Satumba ma ba laifi. Amma kada kalmar lokacin zafi ta ruɗe ku. A tsibiran nan ana iya yin rana da ruwan sama da iska mai ƙarfi duka kafin azahar, kuma sanyin da ke ratsa mai babur a jiƙe ya fi wanda ma'aunin zafi ke nunawa nesa ba kusa ba. Kowa ya tafi da rigar ruwa ta sama da ta ƙasa, da safar hannu biyu domin ɗaya ta bushe yayin da ake amfani da ɗaya, da tufafi marasa kauri da ake sa wani kan wani. Kayan da ke cikin jaka a sa su cikin leda ko jakar da ruwa ba ya ratsawa, a kuma ɗaure su ƙasa-ƙasa a gefen babur maimakon a tula su sama a baya, domin a kan titunan ciko babu abin da ke tare iska, kuma babur mai tulin kaya yana karɓar ta kamar tabarmar da aka shanya.

Iskar nan ita ce dalilin da ya sa nake cewa mako guda ya yi muku kaɗan idan ba ku bar rarar kwana a ciki ba. Ana soke tashin jirage saboda yanayi, har a lokacin zafi, kuma idan aka soke na yau, fasinjojin yau sai sun jira gurbi a bayan waɗanda suka riga suka yi tanadin na gobe. Ku tsara tafiyar kwana bakwai amma ku ɗauki hutun kwana takwas ko tara, kada wani ya sa ranar komawa aiki washegarin fito na ƙarshe. Ku kuma san ƙofofin fita na tsakiya: akwai jirgi daga Lochboisdale a South Uist zuwa Mallaig, akwai daga Lochmaddy a North Uist da kuma daga Tarbert a Harris zuwa Uig a tsibirin Skye, shi kuwa Skye tun 1995 gada ta haɗa shi da babbar ƙasa. Idan hanya ɗaya ta toshe, ko wani a cikinku ya sami kiran gaggawa daga gida, ɗaya daga cikin waɗannan za ta fitar da shi.

Yanzu sai titunan kansu. Ku da kuke zaune a Birtaniya kun riga kun saba da bin hannun hagu, amma idan akwai baƙo a cikinku da ya zo daga gida Najeriya, inda aka koma hannun dama tun 1972, a sa masa ido musamman da safe da kuma bayan kowace tsayawa, domin a titin da babu kowa ne hannu ke komawa ga abin da ya saba. Da yawa daga titunan tsibiran faɗin mota ɗaya gare su, an yi musu 'yan wuraren kaucewa a gefe nan da can, da alama a kan sanda. Ƙa'idar ita ce, idan wurin kaucewa yana hagunka ka shiga ciki, idan kuma yana damanka ka tsaya daidai da shi a naka hannun, mai zuwa shi ya shiga. Ba a ajiye abin hawa a cikinsu don ɗaukar hoto. Kuma idan mota ta biyo ku a baya tana sauri, ku kauce ta wuce, domin mai yiwuwa ma'aikaciyar jinya ce ko mai sauri ya cim ma jirgi, kuma babu abin da ke ɓata wa mutanen wurin rai kamar baƙon da ya tare hanya yana kallon teku. Wanda aka kauce masa yakan ɗaga hannu, ku ma ku riƙa ɗagawa.

A nan ne yawanku zai zama matsala. Babura biyar a jere ba sa shiga wurin kaucewa ɗaya cikin sauƙi, kuma abin da yakan faru shi ne na gaba ya hango mota ya taka birki, na uku da na huɗu suna kallon rairayin bakin teku. Ku rabu gida biyu, uku da biyu, da tazarar 'yan mintoci a tsakani, ku yi alkawarin inda za a haɗu. Ku naɗa madugu guda wanda tikiti da jadawalin jirage ke hannunsa, wanda kuma idan ya ce a tashi za a tashi ba tare da muhawara ba. Wanda ya fi kowa ƙarancin ƙwarewa ya bi bayan jagaba kai tsaye, wanda ya fi kowa ƙwarewa kuma ya zama na ƙarshe, da kayan faci da famfo a wurinsa. Na sha ganin akasin haka, inda ake barin sabon mahayi a baya yana ta ƙoƙarin kamo 'yan'uwansa, kuma mafi yawan faɗuwar da ake yi a tafiyar ayari daga nan take farawa.

Tumaki suna yawo a sake, sukan kwanta a kan kwalta saboda ɗuminta, kuma idan ka ga uwa a wannan gefe ɗanta a wancan, ka tabbata ɗan zai ƙetara a gabanka. Akwai kuma ƙarafan da ake jerawa a kan rami a tsakiyar titi domin hana dabbobi wucewa, waɗanda ke da santsi idan sun jiƙe, sai a hau su a miƙe ba tare da birki ba. A Lewis da wasu sassan Uist an shimfiɗa titi a kan ƙasa mai laushi irin ta fadama, don haka yakan yi tudu da kwari ba zato. Da magariba kuma barewar ƙasar tana saukowa bakin hanya, musamman a Harris da North Uist.

Idan kuka tambaye ni inda za ku kashe kwanakinku, zan ce kada ku yi wa Barra kallon mashiga kawai. Titin da ya zagaye tsibirin bai fi mil 14 ba, amma a arewacinsa akwai filin jirgin saman da jiragen fasinja ke sauka a kan rairayin bakin teku, lokacin saukarsu kuma yana bin janyewar ruwa. Daga Castlebay, inda tsohuwar ganuwar Kisimul ke zaune a kan dutse a tsakiyar ruwa, titin ciko da aka buɗe a 1991 zai kai ku Vatersay. Tsibiran Uist da Benbecula yawancinsu shimfiɗaɗɗu ne, ban da duwatsun gabashin Uist, tafkuna ko'ina, ana iya ratsa su a wuni ɗaya, ko da yake wanda ya bar babban titi ya bi ƙananan hanyoyin da suka nufi yamma zai ga gaɓar da ba ta da iyaka. Harris ne wurin da mai babur zai fi jin daɗi, kuma shi nake ba wa kwana biyu. Gaɓarsa ta yamma farin rairayi ce, Luskentyre ta fi suna a ciki, ta gabas kuma duwatsu ne tsirara da siririyar hanya mai lanƙwasa da ake kira Golden Road, wadda ba ta son gaggawa ko kaɗan. Daga Tarbert titi yana hawa ta gefen Clisham, dutsen da ya fi kowane tsawo a tsibiran, mita 799, ya gangara cikin Lewis. Harris da Lewis sunaye biyu ne amma tsibiri ɗaya ne, duwatsun nan ne suka raba su. A Lewis ku je Callanish ku ga dogayen duwatsun da mutanen zamanin dā suka kafa kimanin shekara 5,000 da suka wuce, sa'an nan ku ƙarasa hasumiyar fitilar jirage ta Butt of Lewis, wadda aka gina a 1862, inda hanya ta ƙare.

Dole in yi maganar ranar Lahadi. Mafi yawan mutanen Lewis da Harris Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Furotesta masu tsananin kiyaye wannan rana, har sai a shekarar 2009 jirgin fito ya fara tashi daga Stornoway ran Lahadi, kuma an sha jayayya kafin hakan. Har yanzu yawancin shaguna da gidajen mai da wuraren cin abinci a rufe suke. Tsibiran kudu, wato Barra da Eriskay da South Uist, mafi yawansu Katolika ne kuma abin bai kai haka tsanani ba. Saboda haka idan Lahadi za ta same ku a tafiya, gara ta same ku a kudu. In kuwa a arewa ta riske ku, ku cika tankuna ku sayi abinci tun ran Asabar, kuma kada ku bi ta gaban majami'u kuna ta da ƙarar inji lokacin da mutane ke ibada. Mu da muka san darajar Juma'a bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Ko a sauran ranaku ma gidajen mai a warwatse suke kuma wasu suna rufewa da wuri, don haka ƙa'idar ayari ita ce a sha mai duk inda aka gan shi idan tankin mafi ƙanƙantar babur ya kai rabi.

Idan Musulmi ne ku, akwai masallaci a Stornoway, ƙarami, wanda aka buɗe a watan Mayun 2018, kuma idan kuka daidaita tafiyar yadda za ku isa garin ran Alhamis da dare, za ku sami Juma'a kafin ku ƙetara. Lokutan salla a watan Yuni suna da wuyar sha'ani, domin rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare kuma jan sararin sama ba ya gushewa sosai kafin alfijir, don haka ku tambayi limaminku a Glasgow yadda masallacinku ke ƙaddara isha'i da asuba, da kuma hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, ku tafi da matsaya ɗaya. Kifi da sauran abincin teku suna da yawa kuma masu kyau ne, naman halal kuwa sai dai ku yi guzurinsa, kilishi ko dambun nama ba sa cin wuri a jaka. Ku kula da karin kumallon masaukai, domin abincin da Stornoway ta yi suna da shi wani baƙin tsiran-hanji ne da ake yi da jini, ana kuma kawo shi tare da naman alade ba tare da an tambaya ba, sai ku faɗi abin da ba ku ci tun lokacin da kuke kama ɗaki.

Masaukai kaɗan ne, kuma ɗakin mutum biyar ba ya samuwa a ranar da aka nema. Akwai ƙananan gidajen matafiya masu arha a Howmore da Berneray da Rhenigidale, amma gadajensu ba su da yawa. Dokar Sikotlan ta 2003 da ta ba mutane damar kafa tanti a fili ba ta haɗa da shigar da abin hawa mai inji ba, don haka kada ku hau da babura kan ciyayin gaɓar teku, ƙasa ce mai rauni kuma makiyayar mutane ce.

Kafin ku tashi kowa ya duba takardunsa: lasisin da ya dace da girman babur ɗinsa, inshora, da shaidar gwajin lafiyar abin hawa idan babur ya wuce shekara uku. Wanda ke tuƙi da lasisin Najeriya ya sani shekara ɗaya kawai yake aiki daga lokacin da ya zama mazaunin ƙasar, wanda kuma ke da takardar koyo ta farko kaɗai ba zai wuce babur mai cc 125 ba, ba zai yi goyo ba, ba zai kuma hau babbar hanyar da aka hana masu koyo ba, abin da zai shafi hanyar da za ku bi wajen fita daga Glasgow da komowa. Ku sa sababbin tayoyi idan na yanzu sun fara cinyewa, domin kwaltar tsibiran tana da kaushi kuma samun tayar babur daidai girman taka a can yana iya ɗaukar kwanaki, sai an aiko da ita ta jirgi. Ku ɗauki man sarƙa ku riƙa shafawa kowace yamma, gama iskar gishiri da ruwan sama suna wanke shi da sauri. Ranar da kuka dawo gida kuma, kafin a sauke gajiya, kowa ya wanke babur ɗinsa da ruwan sanyi mai yawa, har ƙarƙashin inji da cikin ƙafafu da wajen birki, domin gishirin da ya kwana uku a jikin ƙarfe ya riga ya fara cinsa.